Mahmudu, Toron Giwar Abrahata

Giwa ba dabbar hamada ba ce. Babba daga cikinsu takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace sama da kilo 100 a wuni, ta sha ruwa fiye da lita 100, in rana ta take kuma ta nemi inuwa ko taɓo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda garke ɗaya ke barin daji a Yankari bayan ya wuce ya san abin da nake nufi. To tsakanin Sana'a da Makka akwai sama da kilomita 800 ko da a miƙe za a auna, kuma hanya ce ta duwatsu da kwazazzabai, rijiya nan, wata sai an yi nisa. Sarkin da ya ce sai an koro giwa ta wannan hanya ya ɗora wa rundunarsa kaya: raƙuma nawa za a ware don abincinta kaɗai, salka nawa don ruwanta? Tambayar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai game da labarin Ma'abota Giwa. Inda na tsaya shi ne, Abrahata ya kawo giwarsa ne don a gan ta, labarinta ya riga shi isa kowane zango.

Kusan duk ɗan Musulmi a ƙasar Hausa ya haddace Suratul Fili tun yana ƙaramin allo. Ita ce ta 105 a jerin Mushafi, ayoyinta 5. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne taƙaicin abin da ta faɗa: wasu mutane masu giwa sun ƙulla makirci, aka wargaza shi, aka aiko musu tsuntsaye da duwatsu, suka halaka. Babu sunan sarki a ciki, babu shekara, babu adadin giwaye, ko Makka ma ba a kira sunanta ba. Da mutanen da suka riga suka san labarin surar take magana. Sauran duka, sunan Abrahata da na giwarsa da raƙuman Abdulmuɗɗalibi, a wajen masu tarihi muka same su, musamman Ibn Ishaƙ da ya rasu wajen 767, kusan shekara 200 bayan aukuwar abin, sai Ibn Hisham da ya tace littafinsa, sai Azraƙi da Ɗabari. Ni raba su nake yi. Abin da ke cikin surar imani ne. Abin da ke cikin sira ruwaya ce, ana auna ta, kuma su kansu malaman da suka kawo ta ba su daidaita ba: wani ya ce giwa ɗaya ce, wani 8, wani 13, har akwai mai cewa 1,000.

Tushen maganar yana Yaman. A 523 sarkin Himyar, Yusuf, wanda Larabawa suka fi sani da Zu Nuwas, mai bin addinin Yahudu, ya auka wa Kiristocin Najran ya karkashe su. Malaman tafsiri da dama sun ce su ne mutanen ramin wutar da Suratul Buruji ta ambata. Kuka ya kai fadar Rumawa, ya kai Aksum, fadar Habasha. Wajen 525 sarkin Habasha, Kaleb, ya tara jiragen ruwa ya ƙetare Bahar Maliya, ya kawar da Yusuf, ya naɗa wani Kirista ɗan ƙasa mai suna Sumyafa Ashwa, ya bar masa sojoji ya koma gida. Cikin sojojin nan Abrahata yake.

Procopius, marubucin Rumawa wanda ya yi zamani da shi, ya ce asalinsa bawan wani ɗan kasuwa Barume ne a Adulis, tashar jiragen ruwan Aksum. Sojojin Habasha suka yi wa Sumyafa bore, suka kulle shi, suka ɗora Abrahata. Kaleb ya aiko mutum 3,000 ƙarƙashin wani ɗan'uwansa. Da suka ga ni'imar Yaman sai suka haɗa baki da wanda aka aiko su kamawa, suka kashe shugabansu. Runduna ta biyu ta sha kashi. Daga nan Kaleb ya haƙura, sai bayan shuɗewarsa Abrahata ya yarda ya riƙa aika gaisuwa ga magajinsa. Larabawa sun ba da labarin nan da nasu salon, kuma nasu ya fi daɗin ji. Suka ce Abrahata ya nemi shugaban rundunar, Aryaɗ, su yi fito-na-fito su biyu don kada a zubar da jinin Habashawa a banza. Aryaɗ ya kai masa suka da mashi ya tsaga masa gira da hanci da leɓe, shi ya sa ake ce masa Al'ashram, amma wani bawan Abrahata da ke laɓe a baya ya soke Aryaɗ. Najjashi, wato sarkin Habasha, ya yi rantsuwa sai ya taka ƙasar Yaman, sai ya yanke wa ɗan tawayen gashin goshi. Abrahata ya aske kansa, ya cika burgami da ƙasar Yaman, ya aika duka biyun ya ce ga su nan, sarki ya taka ƙasar a fadarsa, rantsuwa ta fita. Ko an yi haka ko ba a yi ba, labarin ya kama halin mutumin: ya san yadda ake biyan buƙata da alama ba tare da an zare takobi ba.

Muna da maganarsa shi kansa, domin ya bar ta a jikin dutse. A Ma'arib akwai wani dogon ginshiƙi mai layi 136 wanda Eduard Glaser ya kwafa a 1888, an rubuta shi da harshe da baƙaƙen Saba, kwanan watansa ya kama 548. Ya buɗe da sunan Rahmanan da Almasihunsa da Ruhu Mai Tsarki, ya ɗauki doguwar sarautar sarakunan Himyar ya yafa wa kansa: sarkin Saba da Zu Raidan da Hadramaut da Yamanat da Larabawansu na tudu da na gaɓar teku. Sannan ya zayyano yadda Yazid ɗan Kabsha na Kinda ya yi masa tawaye ya dawo ya miƙa wuya, yadda madatsar ruwan Ma'arib ta fashe yana tsakiyar yaƙi, yadda ya tara ƙabilu aikin gyara, annoba ta faɗa wa ma'aikata har ya sallame su na wani lokaci. Bai bar ko lissafin ciyarwa ba: awo 50,806 na gari, 26,000 na dabino. Abin da ya fi burge shi, ga alama, shi ne baƙin da suka zo masa a Ma'arib: jakadun Najjashi, na sarkin Rum, na sarkin Farisa, na Munzir sarkin Hira, na Haris ɗan Jabala na Gassan da na ɗan'uwansa Abu Karib. Wanda aka ce bawan ɗan kasuwa ne jiya, yau ga manyan daulolin duniya biyu sun turo masa manzanni, kuma ya sa an sassaƙa hakan inda duk mai zuwa madatsar zai gani.

Giwa a wajen sarakunan Aksum ma kayan sarauta ce. Nonnosus, jakadan da sarkin Rum Jastiniyan ya aika can wajen 530, ya ce a hanyarsa daga Adulis zuwa Aksum ya ga giwaye kusan 5,000 suna kiwo a wani fili. Malalas, wani marubucin Rumawa, ya kawo yadda sarkin Aksum ya tarbi jakadun Rum a tsaye kan keke mai ƙafa huɗu, giwaye huɗu na ja, shi kuma yana sanye da zinariya. Amma Cosmas, ɗan kasuwar da ke Adulis lokacin da Kaleb ke shirin ƙetarawa Yaman, ya faɗi abin da ya fi kowanne amfani a nan: Habashawa ba su ƙware wajen horar da giwa ba, sai dai in sarki yana son ɗaya ko biyu don nuni, a kamo ƙanana a rena. Masu rundunar giwaye ta gaske a zamanin Farisawa ne, daga Indiya suke samo su. Giwayen gaɓar Bahar Maliya kuwa an gwada su a fagen fama tun da daɗewa. A Rafiya, kusa da Gaza, a shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin Masar ya fito da 73 na Afirka, abokin gabarsa ya fito da 102 na Indiya, mafi yawan na Afirkan suka ƙi tunkara, suka juya suka tattake nasu. Duk wanda ya san giwa a zamanin ya san makami ce da ba a yarda da ita.

A Sana'a Abrahata ya gina cocin da Larabawa suka kira Ƙullais. Azraƙi ya siffanta shi da duwatsu masu launi daban-daban da marmara da katako mai ado da ƙofofin tagulla, an ce har daga rusassun gine-ginen Ma'arib aka kwaso dutse, sarkin Rum kuma ya aiko magina da ƙananan duwatsun ado da ake jerawa a bango. Ginin ya tsaya har farkon zamanin Abbasiyawa kafin a rushe shi, kuma har yau a tsohon birnin Sana'a akwai wani rami da aka kewaye da ake cewa nan ne wurinsa. Ibn Ishaƙ ya ce Abrahata ya rubuta wa Najjashi cewa ba zai huta ba sai ya juyo da hajjin Larabawa zuwa can. A Larabawan lokacin, hajji da kasuwa tafiya ɗaya suke: watanni masu alfarma su ne lokacin da ake ajiye makami, ayari ya wuce lafiya, a ci kasuwar Ukaz da Majanna da Zul Majaz. Wanda ke riƙe da ɗakin da ake nufa, shi ke riƙe da hanya. Ba mamaki da ruwayar ta ce mutumin da ya je ya ɓata cocin da ƙazanta ɗan Kinana ne, daga gidan da ke da ikon gusar da watannin nan, wato wanda sabon tsarin zai raba da matsayinsa. Wata ruwayar ta ce wasu samarin Ƙuraishawa ne suka hura wuta, iska ta kwashe ta ta ƙone wani coci. Ko wanne ne, dalili ya samu.

Tafiyar kamar yadda sira ta kawo ta jerin mutanen da suka gwada ne suka kasa. Zu Nafar, wani babba a Yaman, ya tara jama'a ya tare hanya, aka ci shi aka sa masa mari. Nufail ɗan Habib na Has'am ya fito da ƙabilun Shahran da Nahis, shi ma aka kama shi, ya fanshi ransa da zama ɗan jagora. Da aka iso Ɗa'ifa, Mas'ud ɗan Mu'attib da manyan Saƙif ba su ko ɗaga mashi ba. Suka fito suka yi mubaya'a, suka ce ɗakin Lata da ke garinsu ba shi ake nema ba, wanda ake nema yana Makka, ga ma mai nuna hanya. Abu Rigal ke nan, wanda ya mutu a Mugammas, Larabawa suka mai da kabarinsa abin jifa. A tsaunukan Asir har yanzu akwai ragowar wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗa wa duwatsu, mutanen yankin suna kiranta Hanyar Giwa. Masu son su mai da labarin nan faɗan Larabawa da baƙaƙen Habasha su dubi jerin nan da kyau. Larabawa ne suka nuna hanya, rubuce-rubucen Abrahata kuma sun nuna ƙabilun Larabawa irin su Kinda suna yaƙi ƙarƙashin tutarsa. Habashar nan kuma ita ce ta ba Musulmin farko mafaka a 615.

A Mugammas, kan hanyar Ɗa'ifa, dab da iyakar Harami, aka yi sansani. Mahaya ƙarƙashin Aswad ɗan Maƙsud suka kai hari wuraren kiwo suka koro dukiya, ciki har da raƙuma 200 na Abdulmuɗɗalibi. Ƙuraishawa da Kinana da Huzail suka yi shawarar yaƙi, suka auna, suka ga ba nasu ba ne. Manzon Abrahata, Hunaɗa, ya shigo gari da saƙo a fili: sarki bai zo don jinin kowa ba, Ɗakin kawai zai rushe, wanda bai tare hanya ba ya tsira. Nan ne wurin da na fi so a labarin duka, saboda ƙananan abubuwan da ke cikinsa. Abdulmuɗɗalibi bai da hanyar ganin sarki, sai ya nemi tsohon abokinsa Zu Nafar, wanda ke ɗaure a sansanin. Zu Nafar ya ce shi fursuna ne mai jiran hukunci, ba abin da zai iya, sai dai yana da aboki, Unais, mai kula da giwar. Unais ɗin ne ya shiga ya yi magana, ya ce ga shugaban Ƙuraishawa a ƙofa, mutumin da ke ciyar da mutane a kwari da namun daji a kan duwatsu. Ka ga matsayin giwar ke nan a fadar: mai ba ta abinci ya isa ya nema wa baƙo iso.

Da Abrahata ya ga kwarjinin dattijon, bai so ya bar shi a ƙasa ba, bai kuma so Habashawa su gan shi tare da shi kan karaga ba, sai ya sauko suka zauna kan shimfiɗa ɗaya. Ta bakin tafinta ya tambaye shi buƙatarsa. Dattijo ya ce a mayar masa da raƙumansa. Sarki ya ce da ya gan shi ya burge shi, da ya yi magana ya faɗi a idonsa: ana shirin rushe ɗakin addininsa da na kakanninsa, shi yana zancen raƙuma? Amsar kowa ya san ta, cewa shi raƙuma ne nasa, Ɗakin kuwa yana da Mai shi da zai kare shi. Masu wa'azi kan tsaya kan tawakkalin da ke cikinta, kuma yana nan. Ni ina jin har da muryar dattijon ɗan kasuwa da ya ga abin da ya sami Zu Nafar da Nufail, ya san iyakar ƙarfin garinsa, ya ƙi jefa 'ya'yan mutane a wuta. Ya karɓi raƙumansa, ya koma ya kama ƙawanyar ƙofar Ka'aba ya yi addu'a, ya umarci mutane su fice su hau duwatsu.

Zuwa wannan lokaci dabarar Abrahata ta ci. Ɗa'ifa ta sallama ba yaƙi, Makka ta watse ba a harba kibiya ba. Ibn Kasir ya kawo cewa shirin shi ne a ɗaura sarƙoƙi a ginshiƙan Ɗakin, a rataya su a wuyan giwar, ta ja ya zube gaba ɗaya. Rushe ginin da bai fi tsayin mutum ba sai da kaɗan, marar rufi, ba ya buƙatar giwa. Mutum ashirin da gatura sun isa. Ana son mutanen da ke kan duwatsu su gani ne, su kai labari Najadu da Sham.

Da safe aka shirya Mahmudu, haka ruwaya ta kira toron, aka fuskantar da shi Makka. Nufail ya matso ya kama kunnensa ya raɗa masa cewa yana ƙasar Allah mai alfarma, ya durƙusa ko ya koma inda ya fito, sannan ya sulale ya haye dutse. Toro ya kwanta. Aka buge shi da ƙarfe a ka, aka caka masa ƙugiyoyi a ciki, ya ƙi. Aka juya shi wajen Yaman ya miƙe da sassarfa, aka juya shi Sham haka, gabas haka, aka mai da shi Makka ya sake zubewa. Suhaili, malamin Andalus da ya yi sharhin sirar, ya lura cewa giwa ba ta gurfana irin ta raƙumi, ya ce ko dai faɗuwa ta yi, ko ta kafe ne wuri ɗaya. Ina son irin wannan malami, mai karanta ruwaya yana tuna yadda ƙafar dabba take. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce, amma wannan ba ƙanƙancewa ta yi ba, tana nan da girmanta, gaban dubban mutanen da aka tara su kalle ta, ta ƙi bin umarnin mai ita. Ga sarkin da ya gina mulkinsa kan abin da ido ke gani, an gama da shi tun kafin tsuntsu ɗaya ya bayyana.

Wannan ƙin tafiya shi ya fi zama a zukatan mutanen Makka. A 628, kan hanyar Hudaibiyya, taguwar Manzon Allah (SAW), Ƙaswa, ta durƙusa ta ƙi tashi, sahabbai suka ce ta yi gardama. Buhari ya ruwaito cewa ya ce ba halinta ba ne, wanda ya tsare giwa ne ya tsare ta. Bai ƙara bayani ba, ba kuma wanda ya tambaya wace giwa.

Tsuntsayen, in ji Ibn Ishaƙ, daga wajen teku suka taso, masu kama da tsattsewa, kowanne da tsakuwa uku, ɗaya a baki biyu a ƙafa, ƙanana ƙwarai. Ba kowa suka samu ba, amma wanda suka samu bai tashi ba. Runduna ta watse tana kiran Nufail ya nuna mata hanya, mutane na faɗuwa a kowane mashayi. Abrahata aka ɗauke shi jikinsa na zubewa gaɓa-gaɓa, ruwa da jini na fita, ya mutu a Sana'a. A wuri ɗaya kuma Ibn Ishaƙ ya kawo cewa a shekarar ne aka fara ganin ƙyanda da agana a ƙasar Larabawa. Wannan ya sa Muhammad Abduh na Masar, wanda ya rasu a 1905, ya ce mai yiwuwa tsuntsayen wasu ƙwari ne masu ɗauke da ƙwayar cuta, Sayyid Ƙuɗub kuma ya yi masa raddi mai tsawo. A ganina Abduh ya wahalar da kansa. Magabata sun kawo zancen tsuntsaye da zancen agana a shafi ɗaya ba su ga karo ba, domin a wajensu duka biyun rundunar Allah ce. Ibn Kasir ya ƙara wata magana da ya kamata a riƙa faɗa wa yara tare da labarin: a lokacin, masu giwar Kiristoci ne, addininsu ya fi kusa da gaskiya a kan na Ƙuraishawa masu gumaka, don haka kariyar ta Ɗakin ce da abin da ke tafe, ba yabon mazauna garin ba. Alhazanmu kan ratsa Wadi Muhassar tsakanin Muzdalifa da Mina cikin turmutsutsu, galibi ba su ma san sun ratsa ba. Sunna ce a ɗan yi sauri a wurin. Wasu malamai sun ce saboda nan giwar ta gaza, wasu suka ce sam ba ta shiga Harami ba, a Mugammas ta tsaya.

Sai batun shekara, inda dutse da ruwaya suka ɗan ja da juna. Abin da aka fi sani shi ne 570 ko 571, shekarar haihuwar Manzon Allah (SAW), wasu suka ce kwana 50 bayan zuwan giwar. Amma a 1951 tawagar Philby da Ryckmans da Lippens ta kwafo wani rubutu a rijiyar Muraigan, arewa da Najran, inda Abrahata ke alfahari da yaƙin da ya kai wa ƙabilun Ma'add har Haliban a tsakiyar Najadu, a 552. A 2009 aka gano wani a wurin, yana lissafa ƙasashen da suka shiga hannunsa, har da Yasriba. Babu Makka a cikinsu, babu giwa. Wasu masana, irin su Kister, suka ce yaƙin 552 ɗin shi ne Larabawa ke tunawa, suka kafa hujja da wasu tsofaffin ruwayoyin Musulmi da suka sa shekara 23, ko 30, ko 40 tsakanin giwar da haihuwar. Ni ban gamsu ba. Rubutun Muraigan na nasara ne, kuma ban san sarkin da ya taɓa ɗaukar masassaƙi ya rubuta masa ranar da ya kunyata ba. Abin da dutsen ya tabbatar shi ne mutumin ya wanzu, yana kai yaƙi arewa a kai a kai, ya kewaye Hijaz ta gabas da arewa. Rubuce-rubucen zamaninsa sun ɗauke wajen 560, daga nan Himyar ta yi shiru. Ga kuma ruwayar Nana A'isha cewa ta ga mai jan giwar da mai kula da ita a Makka, makafi, guragu, suna bara. Ba a haife ta ba sai bayan 610. In a 552 aka yi abin, mutanen nan sun doshi shekara 90 suna bara a titi. In can gaba ne, lissafin ya fi sauƙi. Su Ƙuraishawa dai ba su da kalanda mai lamba. Yadda kakanninmu mata kan ce an haife su shekarar fara ko shekarar wata yunwa, haka su ma suke cewa shekara kaza bayan Giwa, har Sayyidina Umar ya kafa lissafin Hijira wajen 638. Irin wannan lissafi yana riƙe abin da ya faru gam, amma yakan zame da 'yan shekaru.

Gidan Abrahata bai daɗe ba bayansa. Ɗansa Yaksum ya yi mulki, sai Masruƙ. Saif ɗan Zi Yazan, wani babba a Yaman, ya kai kuka Rum aka ƙi saurarensa, ya bi ta Hira ya isa gaban Kisra Anushirwan, sarkin Farisa. Kisra bai ga abin da zai kai sojojinsa Yaman ba, sai aka ba shi shawara ya tura 'yan kurkuku: in sun mutu dama hukuncinsu ke nan, in sun ci ƙasa ta ƙaru. Mutum 800 a jirage 8, biyu suka nutse, shugabansu wani tsoho Wahriz wanda sai an ɗaure masa girarsa da ƙyalle yake gani sosai. A ranar gamo, cikin shekarun 570, Masruƙ ya fito kan giwa da kambi a kai da jan yaƙutu tsakanin idanunsa. Wahriz ya ce a jira. Masruƙ ya sauka ya hau doki, ya ce a jira. Ya sauka ya hau alfadari, sai tsohon ya ce 'yar jaki ce, mulkinsa ya ƙasƙanta, ya ja baka ya saki, kibiya ta sami yaƙutun. Ɗan ya gaji uban wajen son a gan shi daga nesa, maharbin ma daga nesan ya gan shi.

Giwayen yaƙi na gaske Larabawa sun gamu da su ne bayan shekaru kusan 60, a Iraƙi. A Yaƙin Gada, 634, dawakin Musulmi suka ƙi tunkarar giwayen Farisa masu ƙararrawa. Shugaban rundunar, Abu Ubaid, wanda kuwa Basaƙife ne daga Ɗa'ifar da ta sallama wa Abrahata, ya sauka ya tunkari wata farar giwa da takobi, ta take shi, runduna ta karye a bakin Furatu. A Ƙadisiyya, wajen 636, Rustum, shugaban rundunar Farisa, ya zo da giwaye 33. Ranar farko suka tattake ƙabilar Bajila da Asad, har Asim ɗan Amr ya sa maharban Tamim su kakkaɓo mahayan, wasu kuma suka zagaya ta baya suka tsinke igiyoyin da suka ɗaure akwatunan da ke bayansu. Rana ta biyu Farisawa na gyaran akwatuna, Ƙa'aƙa, ɗaya daga jaruman Musulmi, ya lulluɓe raƙuma da tsummoki ya tsorata dawakinsu. Rana ta uku giwayen suka dawo da masu gadi a kewaye. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, shugaban rundunar Musulmi, ya tambayi Farisawan da suka musulunta inda ake kashe giwa, suka ce ido da hanci. Ƙa'aƙa da Asim suka soke idanun farar da ke jagora, wasu mutum biyu na Asad suka raunata ta biyun, ita kuma ta juya ta keta sahun Farisawa ta faɗa ruwa, sauran suka bi ta. Daren nan aka kwana ana gwabzawa babu giwa ko ɗaya a fili, washegari aka kashe Rustum.